Shayin Magarya

Kakana bai taɓa iya furta "ra" ba.
In ya ja mu sallah a soron gidanmu na Ɗa'ifa,
Rabbi kan fito masa da laushi, kamar an jiƙa shi,
mu yara mu cusa dariya cikin darduma.
Bayan sallama kakata ta kama kunnuwanmu:
"Wanda yake kira ya gane shi."

Maƙwabta na ce masa Yunus Assini.
Sunansa na fari, Ma Shouren,
yana kwance a fasfo mai launin ƙasa
ƙarƙashin barguna, cikin akwatin ƙarfe,
tare da makullin wani gida a Gansu
da wataƙila yanzu titi ne.

Ya ce aikin hajji kawai suka fito.
Jirgin ruwa, kwana arba'in na amai da gishiri,
ya sauke su Jidda da buhu ɗaya da butar shayi.
Kafin su gama jifa
hanyar gida ta rufe a bayansu
yadda ruwa ke rufewa bayan kwalekwale.
Baƙo raɓa ne, in ji mutane.
Wannan raɓa ta shekara hamsin ba ta bushe ba.

Makka ta yi musu zafi, suka hau dutse.
In sanyi ya sauko da asuba
sai ya tsaya a ƙofa ba mayafi,
ya shaƙa, ya ce: "Saura kaɗan ya kai namu."

Na tuna hannunsa a kan ƙullun alkama.
Ya ja, ya ninka, ya buga a tebur,
ɗaya ta zama biyu, biyu ta haifi sha shida,
taliya siririya kamar zaren ɗinki.
Direbobi na layi da kwanoninsu,
ba wanda ya taɓa tambayar sunan garinsu.

Kakata Yulan ba ta da yawan magana.
Kofin shayinta mai murfi ne:
ganye, dunƙulen sukari, jar magarya guda uku.
Ranar da babana ya ce ya ga mata,
'yar Takari daga Jarwal,
gidan ya yi tsit har kwana tara.
Sai ga uwar yarinya da kanta, Goggo Tabawa,
wadda ta tako daga Haɗeja a ƙafa, shekara bakwai.
Ba Larabcin kirki tsakaninsu.
Goggo ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta ce: "Af! Magarya!"
Ta kwance bakin zane ta fito da tata,
ƙanana, busassu, tsarabar wata alhajiya.
Suka jera su a tire, manya da ƙanana,
suna nuna wa juna da yatsa, suna dariya.
Nan aka ɗaura auren.
Sauran aikin malamai ne.

Yau akwatin yana hannuna.
Wasiƙa bakwai daga ƙanwarsa,
rubutu kamar sawun kaji a ɗanyen taɓo.
Ɗana ya ce waya za ta fassara mana yanzun nan.
Na ce bari tukuna.
Ina tsoron in ji "yaushe za ka dawo?"
har sau bakwai.

Kalma uku suka bar min:
ta "zo ka ci", ta "bi a hankali",
da wadda kakata ke faɗa in tana shafa kaina.
Ita wannan ban nemi ma'anarta ba.

A maƙabartar garin nan ba a sa suna kan dutse.
Nakan tsaya inda nake zato,
in yi musu magana da Hausa, harshen uwata,
wanda ba su tsinta a ciki ba sai "sannu".

Sannu, Yeye. Sannu, Nainai.
Na dafa shayin ɗazu.
Murfin ya tsage, amma yana rufewa.
Magarya uku na sa,
biyu taku, ɗaya ta Goggo.